Tarihin Gwaggo Siyata Ta Birazil, Wadda Kiɗan Samba Ya Girma A Gidanta

 Yau tarihin wata mace za mu kawo, wadda ba ta taɓa taka ƙasarmu ba. Baƙar fata ce 'yar ƙasar Birazil, sana'arta tallan alawa a bakin titi, ta rasu tun shekarar 1924. Mai karatu ya iya cewa, ina ruwan mutumin Bagudo da 'yar talla ta bayan teku? To, a yi haƙuri mu bi hanyar tukuna, gama daga ƙofarmu ta fara.

Dattawan fatake sun san tsohuwar hanyar Gwanja wadda ayarin goro ya ke bi. A kan ƙetare Kwara wajen Illo, a shiga ƙasar Borgu, a sauka Zugu, daga nan a nufi Salaga. Amma daga Zugu akwai reshe da ya gangara kudu, ya ratsa Dahome, ya ƙare a Wida bakin teku. Abin da ya ke gangarawa ta wannan reshe a zamanin da ba kanwa da fata kaɗai ba ne, har da mutane a ɗaure. Ɗaya daga cikinsu sunansa ya tsira. Shi ne Mahommah Gardo Baquaqua, mutumin Zugu, wanda uwarsa Bakatsiniya ce. An sayar da shi wajen 1845, jirgin ruwa ya kai shi Birazil, ya kuɓuta a Amurka cikin 1847, aka buga labarinsa a littafi cikin 1854. A wannan shekara ta 1854 aka haifi matar da za mu ba da tarihinta.

Birazil ƙasa ce babba a Amurka ta Kudu. Turawan Fotugal suka sauka a gaɓarta cikin 1500, suka mallake ta har 1822, harshensu ne kuwa a ke yi a can har yau. Babu ƙasar da aka kai wa bayi daga Afirka kamar ta, gama an sauke mata fiye da mutum miliyan 4. Lardin Bahiya, wanda babban birninsa Salbado, shi ne ya fi hulɗa da gaɓar Wida da Ajashe da Ikko, domin sarakunan bakin teku suna son tabar Bahiya ƙwarai, da ita a ke sayen mutane. Sa'ad da yaƙe-yaƙe suka yawaita a ƙasar Hausa daga 1804, sa'an nan daular Oyo ta farfashe, sai jiragen Bahiya suka cika da Hausawa da Nufawa da Barebari da mutanen Borgu, bayansu kuma Yarabawa ba adadi. Hausawan ba su kwanta wa bauta ba. Cikin 1807 aka tona wani shiri nasu na tawaye a Salbado, cikin 1814 suka tashi sosai. Mafi girma shi ne na watan Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, sa'ad da Musulmi kimanin 600, yawancinsu Yarabawa, suka fito da fararen riguna da layu suka yi yaƙi a titunan birni. Fiye da 70 suka mutu. Cikin malaman da aka tuhuma akwai wani Bahaushe 'yantacce mai cinikin taba, a na kiransa Dandara. Bayan wannan aka kori mutane da yawa zuwa Afirka, waɗansu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu. Za mu komo ga waɗannan a ƙarshe.

Sunanta na yanka Hilária Batista de Almeida. An haife ta a yankin Santo Amaro, ƙasar gonakin rake da ke kewaye da bakin ruwan Salbado, shekara 19 bayan wancan tashin hankali, shekara 34 kafin a hana bauta a Birazil. Sunan da duniya ta san ta da shi kuwa Tia Ciata, a faɗe shi Tiya Siyata. Tiya da harshen Fotugal shi ne gwaggo ko inna, kuma haka baƙaƙen Bahiya su ke kiran kowace dattijuwa mai gida wadda a ke taruwa wurinta. Wani ɗan jarida mai suna João do Rio ya ambace ta cikin littafinsa na 1904, ya rubuta sunan Assiata, wanda kunnen Bahaushe ba zai rasa jiyo A'ishatu a cikinsa ba. Ambaton nasa na raini ne, bai ga komai a wurinta ba sai tsafi da yaudara. Haka masu alƙalami na zamanin su ke kallon irinta.

A Santo Amaro ta tashi cikin kiɗan da a ke kira samba na da'ira. Ga yadda ya ke. In an gama aikin rake, ko an gama wani biki, sai jama'a su yi da'ira suna tafi. Mutum ɗaya ya ɗaga waƙa, saura su amsa, kamar yadda mawaƙanmu su ke da 'yan amshi. Mace ɗaya ta shiga tsakiya tana rawa da gajerun taku, ƙafafunta ba su cika barin ƙasa ba. In ta gaji sai ta nufi wadda ta ke so ta gaje ta, ta kai mata karo da cibiya, waccan ta shiga fage. Wannan karon cibiya a harshen Kimbundu na Angola sunansa semba, kuma mafi yawan masana sun tafi a kan daga nan kalmar samba ta fito.

A nan ya kamata in faɗi gaskiya, kada son kai ya ja mu. Samba ba kiɗan Hausawa ba ne. Gindinsa na mutanen Angola da Kwango ne, waɗanda suka riga kowa yawa a Birazil. Yarabawa da mutanen Dahome suka ƙara masa gangunansu na bauta, guda uku, babba da matsakaiciya da ƙarama, da ƙarfen nan mai baki biyu irin kugenmu, wanda har yau Birazil ta ke kira da sunansa na Yarabanci, agogo, kalmar da mu muka ara muka ba abin duba lokaci. Turawan Fotugal suka kawo tsirkiya, watau jita mai tsirkiya 6 da wani ɗan ƙaramin molo mai tsirkiya 4 da su ke kira kabakinyo, da kuma fandero, wanda ya yi kama da bandiri sai dai an jera masa 'yan ƙarafa a gefe. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ya kan ɗauki faranti da wuƙa daga madafi ya yi ta gogawa, kuma wannan ma an lasafta shi cikin kayan kiɗa. Hausawa sun bar sawunsu a wani wuri dabam, gama har yau a Bahiya akwai abincin da a ke kira shinkafar Hausa, wadda a ke ci da busasshen nama.

Wannan gauraye na tsirkiyar Fotugal da bugun Afirka shi ne a ke ji duk inda Turawan nan suka zauna, ko da ya ke kowace ƙasa da yadda nata ya fito. A Lisbon ya zama fado, waƙar bege da baƙin ciki. A tsibiran Kef Bade ya zama morna, wadda ita ma da ɗan molon nan a ke yinta. Tun kafin 1800 wani mawaƙi ɗan Birazil, Domingos Caldas Barbosa, wanda uwarsa baiwa ce daga Angola, ya kai waƙoƙin lundu har zaurukan manyan Lisbon. Amma babu wanda ya kai samba yaɗuwa a duniya.

Siyata ba Musulma ba ce. Tun tana budurwa a Bahiya aka shigar da ita addinin da su ke kira kandomble, watau bautar orisha irin ta Yarabawa, mai kama da bori wajen kiɗa da hawan iska. Orishar da aka danganta ta da ita Oshun ce, ta kogin nan na ƙasar Yarabawa. Mun faɗi wannan ne domin ba a gane tarihin gidanta sai da shi.

Cikin 1876, tana da shekara 22, ta bar Bahiya zuwa Riyo di Janero, babban birnin ƙasar a lokacin. Cinikin sukari ya faɗi a arewa, arzikin gahawa ya koma kudu, sai baƙaƙen Bahiya suka riƙa kwarara zuwa Riyo neman abinci. Suka zauna kusa da tashar jiragen ruwa, wajen wani dutse da a ke kira Dutsen Gishiri, maza suna dako, mata suna wanki da talla. Duk wanda ya taɓa sauka a zango zai gane tsarinsu. Wanda ya riga zuwa shi ne fatoman wanda ya zo daga baya, ya ba shi masauki da abinci, ya nuna masa inda a ke samun aiki, har ya tsaya da ƙafafunsa. Bambancin kawai shi ne a can mata su ne fatomai. Akwai Gwaggo Amélia, akwai Gwaggo Perciliana, akwai Gwaggo Bebiana, ga kuma Siyata wadda ta fi su suna. Daga baya wani mawaƙi da ya tashi a cikinsu, Heitor dos Prazeres, ya laƙaba wa unguwannin nan suna Ƙaramar Afirka.

Ta fara da tire ɗaya na alawar kwakwa da sauran kayan zaƙi a tsakiyar birni. Dabarar da ta yi, wadda kowane ɗan kasuwa zai yaba, ita ce ba ta fita sai cikin cikakkiyar shigar matan Bahiya, babban siket mai faɗi an sa masa sitaci, da rawani, da mayafi a kafaɗa, da duwatsun wuya da warwaro. Mai saye ya kan hango ta daga nesa, ya kuma tabbata abin da ke kan tiren mai tsabta ne. Wannan shiga har yau ita ce ta matan da ke soya ƙosai da manja a titunan Salbado, wanda su ke kira akaraje. Da ciniki ya kankama sai ta ɗauki mata suna yi mata talla, kowace da tirenta da shigarta. Sa'an nan ta buɗe wata ƙofa, ta riƙa ɗinka irin tufafin nan tana ba da haya ga gidajen wasan kwaikwayo da masu bikin Kanibal, har da Turawa masu kuɗi.

Ta haifi 'yarta ta fari, Isabel, sa'an nan ta auri João Batista da Silva, baƙin mutum ɗan Bahiya wanda ya fara karatun likita bai ƙare ba. Ya yi aikin jera baƙaƙe a ɗakin ɗab'in wata jarida, ya yi aikin gwamnati. Suka haifi 'ya'ya 14. A zamanin da baƙin mutum mai albashi abin nunawa ne, gidan da miji ke da albashi, matar kuma ke da jari, ya zama inuwa ga jama'a da yawa.

Inuwar kuwa a na bukatarta. An hana bauta ran 13 ga Mayu 1888, amma ba a ba 'yantattu gona ko makaranta ba. Cikin 1890 aka kafa dokar laifuffuka wadda ta hukunta zaman banza, da kokawar baƙaƙe da a ke kira kafuwera, da ba da magani irin na gargajiya. Ba a ambaci samba a cikinta ba, amma ɗan sanda ba ya bukatar a ambata. In ya ga baƙin mutum da fandero a hannu, ya isa shaidar zaman banza. João da Baiana, ɗan Gwaggo Perciliana, ya ba da labarin abin da ya same shi cikin 1908. 'Yan sanda suka ƙwace fanderonsa, sabo da haka bai je kiɗa gidan wani babban ɗan majalisa mai suna Pinheiro Machado ba. Da mutumin ya ji dalili, sai ya sa aka yi masa sabo, ya rubuta yabo a jikin fatar ya sa hannu. Daga ran nan in ɗan sanda ya tare shi sai ya nuna rubutun, a bar shi ya wuce. A lura da wannan, gama kiɗan bai sāke ba, mai kiɗan bai sāke ba, layi biyu na tawada ne suka raba shi da kurkuku.

Tsakanin 1902 da 1906 magajin garin Riyo, Pereira Passos, ya rushe tsofaffin gidajen tsakiyar birni domin ya buɗe manyan tituna irin na Faris. Talakawa suka watse, waɗansu suka hau duwatsu suka kafa bukkoki, waɗansu suka koma wajen wani fili da a ke kira Dandalin Sha Ɗaya. Nan Siyata ta sami babban gida, lamba 117 a titin Visconde de Itaúna. Gidan dogo ne, daga zaure sai soro, sai ɗakuna, sai madafi, sai fili a baya. Yadda ta raba shi ran biki shi ne ya nuna hankalinta. A ɗakin gaba, wanda a ke ji daga titi, sai ta sa masu sarewa da jita da ɗan molo suna kiɗan shoro, kiɗa mai taushi da ya yi kusa da na Turawa, wanda ɗan sanda ba shi da abin cewa a kansa. A can ciki a ke samba da tafi da fandero. A filin baya kuwa gangunan orisha ne da wasan maza masu ƙarfi. Baƙo ya kan shiga gwargwadon yardar da aka yi masa. Pixinguinha, wanda ya zama sarkin masu sarewa na Birazil, a ɗakin gaba ya ke busa tun yana saurayi, shi da sauran tsofaffin makaɗa kuwa su suka bayyana wannan tsari bayan sun manyanta. Biki ya kan kwana biyu ko uku, tukwane ba su sauka daga murhu, mutum ya tafi aiki da safe ya komo da yamma ya tarar ba a tashi ba. Ita kanta gwana ce wajen rawa da jefa baiti.

Akwai ruwaya sananniya a kan dalilin da ya sa 'yan sanda suka ƙyale gidan. Jikanta Bucy Moreira ya ce shugaban ƙasa Venceslau Brás ya yi fama da gyambo a ƙafa wanda ya gagari likitoci, Siyata ta warkar da shi da ganye, da aka tambaye ta lada sai ta roƙa wa mijinta aiki, aka sa shi a ofishin shugaban 'yan sanda. Labarin yana da daɗi, mutanen Birazil suna sonsa. Sai dai malamai sun san ba a karɓar ruwaya sai an duba shekaru. Brás ya hau mulki cikin 1914, alhali marubutan tarihinta sun sa rasuwar mijin tun wajen 1910. Abin da ba shi da shakka shi ne gidan ya sami mutunci a idon hukuma, har 'yan jarida da ɗalibai da ma'aikatan gwamnati suna zuwa, ga shi kuwa ita ce mataimakiyar João Alabá, babban mai ɗakin orisha na unguwar, watau ta riƙe girma ta waje da ta ciki.

A wannan titi nata akwai maƙwabcin da ya kamata masu karatunmu su san shi. Musulunci bai mutu a Birazil da tawayen 1835 ba, ya dai ɓuya. Cikin 1866 wani limamin jirgin ruwan Daular Usmaniyya, Abdurrahman al-Bagadadi, ya sauka Riyo ya tarar da baƙaƙe Musulmi, ya zauna yana karantar da su. Cikin 1869 jakadan Faransa ya rubuta wa gwamnatinsa cewa wani kantin littattafai na Riyo ya kan sayar da Alƙur'ani wajen 100 a shekara, masu saye kuwa bayi ne da 'yantattu. Malamansu a na kiransu alufa, watau alfa. Ɗaya daga cikin na ƙarshensu shi ne Assumano Mina do Brasil, wanda sunansa Usmanu ne harshe ya lanƙwasa, ya rasu cikin 1933. Sinhô, mai kiɗan fiyano wanda aka yi wa laƙabi da sarkin samba, ya kan kai masa sababbin waƙoƙinsa ya sa albarka kafin ya fitar da su. Hukuncin wannan aiki mun bar wa malamai. Mu dai mun ga alama ce ta yadda tsirarun Musulmin nan suka narke cikin maƙwabtansu bayan an yanke su daga tushe.

Yanzu mu zo ga al'amarin da ya sa sunanta ya shiga littattafai. A gidan Siyata ba a san waƙa da mai ita ba. Wani ya kawo amshi da ya ji wurin kakarsa a Bahiya, wani ya jefa baiti a kan abin da ya faru a kasuwa jiya, wani ya gyara, gobe a sāke. In ta nuna sai a kai ta bikin majami'ar Penha na watan Oktoba, inda Siyata ta ke kafa rumfar abinci, a gwada ta a kunnen jama'a. Wadda ta karɓu ita za a rera a Kanibal, bikin kwanakin da ke gaban azumin Kirista, sa'ad da ƙungiyoyi su ke zaga gari da tutoci. Wani mutum mai suna Hilário Jovino Ferreira ya kafa irin wannan ƙungiya cikin 1893, iyalin Siyata ma suna da tasu.

Cikin 1916 wata waƙa ta taso a wannan da'ira. Ba'a ce a ke yi wa hukuma, a kan shugaban 'yan sanda da ya ke aika gargaɗi ta wayar tarho game da wurin caca, watau ya sanar da masu laifi kafin ya aika a kama su. Sunanta Pelo Telefone, ma'anarsa ta wayar tarho. Ran 27 ga Nuwamba 1916, Donga, ɗan Gwaggo Amélia, saurayi mai kaɗa jita wanda ya tashi a cikin waɗannan gidaje, ya sami rajistar waƙar da sunansa a babban ɗakin littattafai na ƙasa. Daga baya aka haɗa sunan wani ɗan jarida, Mauro de Almeida, a kan baitocin. Kamfanin Casa Edison ya ɗauke ta a faifan garmaho da muryar wani mawaƙi mai laƙabi Baiano, kafin Kanibal na 1917 ya wuce duk Riyo ita a ke rerawa. An riga an buga waɗansu fayafai da sunan samba kafin wannan, amma ita ce ta fara cin kasuwa, sabo da haka daga kanta a ke fara ƙirga.

Mutanen gidan ba su yi shiru ba. Ran 4 ga Fabrairu 1917 aka buga sanarwa a jaridar Jornal do Brasil, aka ce masu waƙar na ainihi su ne João da Mata, da Germano surukin Siyata, da Hilário, da Siyata kanta, Sinhô kuwa shi ya daidaita kiɗan. Har suka sāke baitocin suka mai da su zambo ga wanda ya ɗauki na jama'a ya ce nasa ne. A ganinsu kura ce da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mauro de Almeida da kansa ya yarda daga baya cewa shi tattara baitocin ya yi daga bakin mutane ya jera su. Amma sanarwar jarida ba ta ture rajista, sunan Donga ne a takarda, shi ne kuwa a kan faifai.

Ni a nawa gani, an ci haƙƙin jama'ar gidan, ko da ya ke laifin Donga bai kai yadda masu zambo suka kai shi ba. Dokar Turawa ba ta san waƙar da mutum goma suka yi ba, tana neman suna ɗaya ko biyu da za ta rubuta. In Donga bai kai nasa ba, wani da bai taɓa shiga gidan ba zai kai, gama ga garmaho ya zo, ga masu kuɗi suna neman abin sayarwa. Abin da ya kasa yi shi ne ya ambaci abokan tarayya, kamar ɗan ayari da aka aika da kayan mutum biyar ya rubuta sunansa shi kaɗai a takardar kwastan. Shi ma Sinhô, wanda ya yi kukan an cuce shi, bai daɗe ba Heitor dos Prazeres ya tuhume shi da irin wannan aiki. Daga 1917 waƙa ta zama haja a Riyo, har talakawan mawaƙa suka riƙa sayar da nasu ga masu suna da 'yan kuɗi kaɗan, a buga ba tare da an ambace su ba.

Siyata ta rasu a Riyo cikin watan Afrilu 1924, tana da shekara 70. Ba ta ga abin da ya biyo baya ba. Cikin 1928 samarin unguwar Estácio, maƙwabtan Dandalin Sha Ɗaya, suka sāke bugun domin ya yi daidai da tafiyar taro a titi, suka kafa ƙungiyar da a ke ɗauka ita ce makarantar samba ta farko. Cikin 1932 aka yi gasar makarantun ta farko a dandalin nan na ƙofar gidanta. Rediyo ta ɗauka, gwamnatin Getúlio Vargas ta rungumi kiɗan da a ke kama mutum dominsa shekara 20 da suka wuce, ta mai da shi alamar ƙasa. Gwamnatin nan kuma ita ce ta rushe dandalin da titin Siyata domin ta shimfiɗa babban titi mai sunan Vargas, wanda aka buɗe cikin 1944. Cikin 1984 aka gina filin gasar Kanibal kusa da wurin. Kowace makaranta da za ta ratsa shi wajibi ne ta fito da rukunin dattawan mata cikin shigar Bahiya, suna juyi da manyan siket, domin tunawa da gwaggwannin nan. Cikin 2005 hukumar UNESCO ta sa samba na da'ira na ƙasar haihuwarta cikin abubuwan gado na duniya.

Sauran alkawarin da muka yi na waɗanda suka komo. Tun daga 1835 har ƙarshen wancan ƙarni dubban 'yantattu suka ƙetaro teku daga Bahiya suka zauna a Wida da Agwe da Ajashe, wadda Turawa ke kira Porto-Novo, da Ikko. A na kiransu Aguda. Jikokinsu su ne masu sunaye irin su da Silva da d'Almeida da Paraíso a Jamhuriyar Benin, da yawansu kuwa Musulmi ne. Babban masallacin Ajashe, wanda aka fara gininsa wajen 1912, an yi shi bisa fasalin gine-ginen Salbado, duk bafataken da ya yi Jumma'a a can ya ga bambancinsa da masallatanmu. Sun zo da kiɗansu ma, daga rijiyar da Siyata ta sha, tun kafin ita ta tafi Riyo. Sunansa buriyan, daga kalmar Fotugal mai ma'anar 'yar jaka, domin a cikin wasan akwai mutum da ya ke shiga siffar dabbar yana sukuwa, da waɗansu dogayen dodanni biyu, mace da namiji. A na kaɗa fandero, a na tafi da 'yan alluna, a na kuma kiran rawar samba. Wanda fatauci ya kai shi Ajashe cikin watan Janairu, lokacin bikinsu na Bonfim, zai tarar suna rera waƙoƙin da harshen Fotugal, wanda yawancin masu rerawar ba su ji, sun dai haddace shi daga bakin iyayensu.